Shirun Tukunyar Inna

Ruwan shuka ya sauka a garinmu da la'asar, kuma washegari tun kafin rana ta fito kowa ya kama hanyar gona, ban da mu. Mu muna gida muna jiran tukunya.

Sunana Dijatu. A gidan mu huɗu ne: ni, da maigidana Zaidu, da 'yarmu Muna da ke goye, sai uwarsa, wadda gari ke kira Haske, ni kuwa Inna nake ce mata. Gonarmu tana kan tudu, gefen hanyar Filingue, kuma a tsakiyarta akwai wani tsohon gawo. Kakan maigidana ne ya sare dajin. Wai da zai sare ya yi alkawari da iskoki masu wurin cewa kowace shekara, kafin iri ya taɓa ƙasa, za a zuba musu ƙwarya guda ta giya a gindin gawon, giyar da aka dafa da hatsin gonar. Kakan ya mutu, ɗansa ya mutu, gari duk ya kama salla, amma alkawarin bai mutu ba. Ya maƙale a hannun tsohuwa guda, kuma Allah ya sa ita ce surukata.

Kada a ɗauka Inna mashayiya ce. Ba ta wasa da salla, kuma tun da ta fara kai goshinta ƙasa ko ɗigo bai shiga bakinta ba. Da kunne take gane giyarta. In an zuba ruwan a tukunya an rufe, takan ce, sai giya ta tashi ta fara magana, wata 'yar ƙara siririya kamar yayyafi a kan zana. Kumfa ya hau, maganar ta yi ƙarfi, sannan a hankali ta ragu har ta ɗauke. To a nan ne ta nuna. Wanda ya ɗiba kafin nan kunu ya ɗiba, kuma ba da kunu aka yi alkawari ba.

Bana da bazara zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tashi, amma kunnen bai tashi tare da ita ba, gwiwoyin ma sun ƙi. Shi ke nan aikin ya faɗo kaina.

Na ƙi, ba shakka. Ubana ladan ne a Filingue, da muryarsa unguwarmu ke tashi. Na gaya wa maigidan haka har sau ba adadi. Shi kuma ya yi ta bina da murya ƙasa-ƙasa, wai na bana ne kawai, wai ba sha za mu yi ba, wai tsohuwa ce a rabu da ita lafiya. Zaidu mutum ne mai tsayuwa a sahun gaba, bai yarda da masu gawo ba ko kaɗan, amma ya fi tsoron ɓacin ran uwarsa a kan komai. Ƙarshenta dai na samu kaina ina jiƙa hatsi, ina shimfiɗa shi a buhu a bayan gadon Inna, ina yayyafa masa ruwa safe da yamma har ya fid da tsiro. Na shanya, na daka, na dafa, na tace, na bar shi ya kwana, na sake dafawa. Itacen da na ƙona a kan wannan abu zai yi mini tuwon mako guda. Maƙwabciyata Mariama ta leƙo ta kan danga ta tambayi abin da ke ƙamshi, na ce kunun zaƙi nake wa tsohuwa. Ƙaryata ta farko ke nan, kuma ban ji daɗinta ba.

Ranar da nake tacewa ruwan ya ɗan zube a ƙasa, nan da nan kiyashi suka rufe wurin. Inna tana zaune tana kallo ta ce, "Bar su su sha. Yanzu na rabonsu. In ta nuna ba su kusantatta."

Sai tukunyar. Inna ta nuna mini inda take a ƙarƙashin tsohon rumbu, ta koma ɗaki. Da na jawo ta na buɗe sai da na kau da kai. Cikinta baƙi ƙirin, wani dasƙararren abu ya manne mata tun daga wuya har gindi, ga wari mai hawa kai. Ni ba a haife ni a gidan ƙazanta ba. Na ɗora ruwan zafi, na sa toka, na sa sabulu, na dirje ta da soso har sai da jan yumɓunta ya fito, na kifa ta a rana ta wuni. Da yamma na shigar da ita bayan gadon Inna inda duhu yake, na zuba ruwan, na rufe da faifai. A raina na ce ko ba komai bana masu gawo za su sha abu mai tsabta.

Kwanaki suka yi ta wucewa. In na tuna na sa kunne, in na manta na manta, don ga daka, ga rijiya, ga goyo. Duk sa'ad da na saurara ban ji komai ba. Ban damu ba, tunda sama ma fes take, ba ko gajimare. Sai ga ruwa.

Da safen nan Zaidu ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna da sungumi a kafaɗa, buhun iri a gefen ƙafarsa. Ana jin amalanken mutane suna wucewa a bayan danga, mata na kiran juna.

"Ɗiyata, sa kunne," in ji Inna. "Mi baƙuwa tac ce?"

Baƙuwa muke ce wa abin, saboda dangar gidanmu ta kara ce, kuma mai magana da Inna dole ya ɗaga murya. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk lamarin: sirrin da ba a so maƙwabta su ji, da tsohuwar da ba ta ji sai an yi ihu.

Na durƙusa na manna kunnena a cikin tukunyar. Sanyin yumɓu kawai na ji, da bugun jinina.

"Shiru, Inna."

"Mi?"

Na ɗora yatsa a kan leɓena. Fuskar Zaidu ta washe.

"To ai shi ke nan," ya ce. "Ba shirun muka jira ba? Ta nuna. Ku taso mu tahi."

Inna ba ta ji shi ba, amma ta ga ya sunkuya zai ɗauki buhu. Ta ɗaga masa hannu.

"Tsaya, Zaidu. Shiru iri biyu na. Akwai na wadda ta gama magana, akwai na wadda ba ta hwara ba." Ta juyo gare ni. "Tun da anka zuba, kin ji ta ta yi magana?"

Ban ji ba, amma ai ba zaman gadinta nake yi ba. Ta yiwu ta yi maganarta ina rijiya. Na ɗaga faifan muka leƙa ni da maigidan. Akwai ɗan fari-fari a gefe, wanda zai iya zama kumfan da ya sauka, zai kuma iya zama wanda bai hau ba. Na shinshina, na ji tsami-tsami da ƙamshin hatsi. Ni ina na san warin giyar da ta nuna? Na buɗa wa Inna hannuwana, alamar ban sani ba.

"To a dakata," ta ce.

Zaidu ya matsa kusa da kunnenta. "Inna, ƙasa shan ruwa taka yi. Tudu na. In munka kai gobe bushewa za ta yi."

"Shekarar da kash shuka ba a zuba ba," in ji Inna, "tsutsar zuzzuɗa ta cinye zangarnun."

"Shekaran nan ai duk ƙasar Kurfai ta ci, har gonar liman."

Wannan kuma ba ta ji ba. Na daɗe da lura cewa kurumtar Inna tana da zaɓi.

Haka muka wuni. Gari ya yi tsit, daga mu sai awaki da tsofaffin da ba su iya tashi. Da hantsi na tona rairayin tsakar gida da hannu, danshi ya kai mini har wuyan hannu. Da azahar na sake tonawa, saman ya riga ya yi fari yana zubowa ta tsakanin yatsuna. Zaidu ya zauna a inuwar rumbu yana gyaran ƙotar sungumin da ba abin da ya same ta. Ni kuma ina shiga ɗaki ina fita, ina durƙusawa gaban tukunya kamar mai neman gafararta.

Wajen la'asar na same shi a bayan rumbu.

"Baban Muna, abu guda na ka raba gardamag ga. A ɗanɗana. In da zaƙi ba ta yi ba, in babu ta yi."

"To ki ɗanɗana."

"Ni? Uwakka ta, gonakka ta, kakanka na yay yi alkawari. Kai ɗanɗana."

"Da bakin da nika karatu? Haba, Dijatu."

"Nau bakin kuma na mi na? Na shara?"

Sai ya ce akwai wani mai gyaran babur a tashar Filingue da aka ce yana taɓa giya, ko a kira shi. Na ce ya kira shi mana, kafin magariba labari ya kai kunnen ubana a kan hasumiya. Ya ce to mi nike so ya yi. Na ce ya ɗauki sunguminsa ya tafi gona kamar kowane namiji a garin nan. Ya dubi ƙofar ɗakin uwarsa, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da gyaran ƙota. Na so in fasa wani abu, amma duk abin da ke kusa da ni nawa ne.

Da mutane suka fara dawowa, Mariama ta tsaya a bakin danga, ƙafafunta duk laka, ƙwaryar irinta ba komai a ciki.

"Dijatu, lahiya? Ban gan ku bisa tudu ba."

"Maigida na ka hwama da ciwon baya."

Ta leƙa ta ga maigidan yana ɗaga buhun iri da hannu guda yana mayarwa ɗaki. Ta ce Allah shi sawwaƙe, ta wuce.

Na kai wa Inna tuwonta. Tana zaune a bakin gado, hannunta a kan faifan, tana magana ita kaɗai da ƙarfi yadda kurame ke yi.

"Tukunyag ga ba ta taɓa yi min haka ba. Kwana kaɗan ta tashi. Ai uwatta na ciki, baƙin nan da ke manne. Shi ka tashe ta. Tun zamanin uwar mijina ba a taɓa sa mata ruwa ba."

Na ajiye kwanon a hankali na fita. Wato abin da na dirje da soso, na yi ta alfahari da shi a raina, shi ne ran abin gaba ɗaya. Kuma ba wanda ya gaya mini. An sa ni aikin da ban iya ba, wanda ban so ba, an bar ni da hankalina na matar kirki, ga inda ya kai mu. Haushin kaina ya kama ni, da na Inna, da na kakan da ban taɓa gani ba, wanda ya rasa abin da zai yi alkawari da shi sai giya.

Washegari sama ta waye fes, rana ta fito da zafinta tun da wuri. Na tona tsakar gida, sai da na nutsa yatsuna duka kafin na taɓa sanyi. In ba a shuka yau ba sai wani ruwan, kuma a ƙasarmu wani ruwan yana iya ɗaukar rabin wata, hatsin mutane ya yi ganye namu yana buhu. Rumbunmu kuwa ana ganin gindinsa.

Inna ta fita kewaye tana dogara sanda. Na shiga ɗakinta na ɗaga faifan, na sa kunne, shiru. Na tsaya ina duban ruwan. In na ɗanɗana na ji zaƙi, ban yi zunubi ba, amma ba shuka. In na ji ɗaci, na sha giya, amma za mu tafi gona. Na rasa wanne zan roƙa. Na buɗe baki zan yi bisimilla don sabo, na tuna abin da ke gabana, na haɗiye ta. Na tsoma ɗan yatsa na kai harshe.

Zaƙi ne, zaƙi sosai, da ɗan tsami a bayansa. Da mai jego aka ba wa da ta gode.

Na zauna a ƙasa. Hawaye suka zo mini, na takaici zalla. Na goge, na rufe tukunyar, na jira Inna ta dawo ta zauna. Sannan na durƙusa a gabanta, na nuna kunnena, na nuna tukunya, na buɗe yatsuna ina rufewa alamar magana, na nuna gabas alamar asuba, na ɗora yatsa a leɓe.

"Ta yi magana?" ta ce. "Da asuba? Kuma ta ɗauke?"

Na gyaɗa kai.

Ta daɗe tana kallona. "Da kunnenki kinka ji?"

Na sake gyaɗawa. Zaidu yana bakin ƙofa. Bai tambaye ni komai ba, kuma na san dalili. Da gudu ya tafi ɗaura wa jaki amalanke.

Na ɗebi ruwan a gora na tura ƙarƙashin buhun iri, muka ɗora Inna a sama, na goya Muna. Duk gonar da muka wuce an gama da ita, layukan sawun dugadugai sun miƙe har ƙarshen gani. Tamu kaɗai ce a kwance ba tabo. Gawon ya fara zubar da ganye yadda ya saba in damina ta kama.

Muka sauko da Inna. Ta durƙusa a gindin bishiyar da ƙyar, ta juye goran a ƙwarya, ta zuba a hankali a tsakanin saiwoyi. Ƙasa ta sha. Zaidu ya riga ya gyara tsayuwa da sungumi yana jiran kalma guda. Amma Inna ba ta tashi ba, ta zuba wa wurin ido. Na bi idonta da kallo, sai na ga kiyashi. Sun fito daga ɓawon gawon a layi, suna sauka, wasu na zuwa ta cikin busasshen ganye. Kafin a jima sun rufe jiƙaƙƙen wurin, wasu sun hau ƙwaryar suna zagaya bakinta.

Na jira ta juyo ta dube ni. Ba ta juyo ba. Ta dafa gawon da tafin hannu ta ɗaga murya, irin ɗagawar wanda ba ya jin kansa.

"Masu wuri, ga abin da nis samu bana. Kunu na, na gani. Kunnena ya mutu, shi ya sa. Laihina na, ba na yaran ga ba. In akwai biya, ni za ku biɗa, ku bar musu hatsinsu."

Ta share hannunta a zane. "Zaidu, sari."

Ya fara sara, na bi shi da ƙwaryar iri ina jefawa ina rufewa da diddige. A gangare ƙasar da sauran sanyi, a saman tudu kuwa sai ya ninka sara kafin danshi ya nuna, wani wurin ma ƙura ce ke tashi. Ni ban yarda akwai kowa a cikin gawon nan ba, har yau ban yarda ba. Amma ita ta yarda, kuma da yardarta ta miƙa wuyanta a kan ƙaryar da ni na yi. Da zagina ta yi a gaban ɗanta da ya fi mini sauƙi. Duk layin da na juyo sai in hango ta zaune a gindin bishiyar, 'yar ƙarama, Muna a cinyarta tana kore mata ƙuda.

Rana ta yi ja kafin muka gama. Muka iso gida a gajiye. Na riƙe Inna zan shigar da ita ɗaki, ina ɗaga labule na tsaya cik. Zaidu ma da ke bayana ya tsaya.

Tukunyar tana magana. Ba sai an sa kunne ba, daga bakin ƙofa ake jin ta, siririyar ƙara mai yawa ba tsayawa, daidai yadda Inna ta sha kwatantawa. Faifan ya jiƙe, kumfa ya biyo gefe yana gangarowa ƙasa. Yini guda kawai ta so mu ƙara mata, 'yar banza.

Inna ta wuce ta zauna a bakin gadonta, tukunyar na bayanta, ba ta ji komai ba. Zaidu ya girgiza mini kai, wato kada in faɗa. Amma tsohuwar ta riga ta ga fuskokinmu.

"Ta tashi ko?"

Na gyaɗa kai. Wannan karon gaskiya ce.

"Mi taka cewa?"

Na matsa na sa bakina a kunnenta na yi mata irin ƙarar. Ta girgiza kai, ba ta ji. Na sake da ƙarfi, ta sake girgizawa. Sai na kama hannunta na juya shi, na shiga taɓa fatar damtsenta da kan yatsuna, sauri-sauri, a hankali, yadda ƙarar ke zuwa mini. Ta rufe ido. Mun daɗe a haka, har aka fara kiran magariba.

"Haka na," ta ce. "Haka taka yi."

Ta buɗe ido ta zare hannunta, ta jawo butarta da ƙafa.

"In ta ɗauke ki kai musu ƙwarya guda, ni ban iya komawa tudun nan. Sauran ki zubar bayan gida." Ta miƙe da ƙyar tana dafa kafaɗata. "Amma ki bar abin da yam manne ciki. Baɗi kak ki sa mata sabulu."

Ashe ta sani, kuma har ta ɗora mini aikin baɗi. Ko na yi magana ba za ta ji ba.